Kawu Burushi da Bangon Babban Zaure

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai fenti ne. Mu 'yan gida Kawu muke ce masa, sauran gari kuwa Burushi, tun yana saurayi har yau da ya haura saba'in. Gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta ɗan fi ta hagu tudu saboda ɗaga hannu sama, kuma duk wankan da zai yi sai ka tsinci ɗigon fenti a bayan kunnensa. Gidaje da shagunan da ya shafe ba su ƙirguwa, amma idan yana hira ya ce "gidan can", kowa ya san tsohuwar fadar da ke kan tudu, bayan tashar mota, yake nufi.

Wani basarake ne ya gina ta, shekara ɗari da ɗoriya kafin a haifi Kawu. Bene ce mai ɗaki ashirin da bakwai, da matakalar dutse mai lanƙwasa, da wani babban zaure wanda in ka yi tari a wannan kusurwa sai ya amsa maka a waccan. Sarauta ta ƙare, zuri'a ta watse a duniya. Lokacin da Kawu ya fara taka gidan yana da shekara goma sha tara, mutum ɗaya ce ta rage a ciki: tattaɓa-kunnen basaraken, tsohuwa mai shekara tamanin, ita da magunanta tara.

Ƙofar ƙarfe ta waje kawai ta kira shi ya shafa mata. Ta sa aka fito mata da kujera ta zauna tana kallonsa, mage ɗaya a cinya. Da ya gama sai ta ce, "Kai mai fenti, ka iya kallo kuwa, ko shafawa kaɗai ka iya?"

Ya ce, "Kaka, ina ɗan taɓawa."

Ta dogara sandarta ta kai shi babban zaure, ta ce ya buɗe tagogin katako. Haske na shigowa, Kawu ya tsaya kamar an dasa shi. Bangon da ke fuskantar ƙofa, daga ƙasa har silin, zane ne guda: kogi mai faɗi, jiragen kwale-kwale, masunta suna jan raga, mata suna wanki a gaɓa, tsuntsaye a kan rassa. A tsakiya kuma, cikin jirgi mafi kyau, ga wata akuya tsaye ita kaɗai, ta ɗaga kai kamar ita ce mai kogin.

Ya ce, "Kaka, akuya a jirgi?"

Tsohuwa ta yi dariya har mage ta dira. Ta ce mai zanen ya ajiye hularsa a tsakar gida, akuyar basarake ta cinye rabinta. Da ya kai ƙara, basarake ya ce ba ya shari'a da dabba. Shi ne mai zane ya ce to shi zai yanke mata hukunci: ya sa ta a jirgin da ba matuƙi, ta yi ta yawo a ruwa har abada.

Daga ranar Kawu ya zama ɗan gida. Yau taga, gobe madogarin matakala, jibi ba aikin komai sai hira. Bayan shekara uku 'ya'yan ɗan'uwanta suka zo daga wani gari suka ce ba za su bar ta ita kaɗai cikin wannan uban gida ba. Ta sayar da fadar, aka loda ta a mota tare da maguna cikin kwanduna, suna ta kuka, ita kuwa tana ɗaga wa maƙwabta hannu.

Wanda ya saya shi ne Mai Sabulu, wani ƙaton mutum mai fara'a da ke da masana'antar sabulu a bakin gari. Ba abin da yake so a duniya kamar fari. Riga fara, mota fara, har karensa fari. Ya zagaya gidan da Kawu a bayansa yana nunawa da sanda: nan fari, can fari. Da suka shiga zaure ya ɗaga kai ya dubi bangon.

"Wannan tarkacen fa? Mutum ya zo sayen sabulu ya tarar da akuya?"

"Ranka ya daɗe, tsohon zane ne."

"Shi ya sa. Ni sabon abu nake sayarwa. Fentin mai za ka sa, shafi uku. Zan yi tafiyar sati biyu, in dawo in ga fuskata a bangon nan."

Kawu ya san fentin mai: in ya kama bango, ba ya fita sai da fatar bangon. Kwana biyu yana shiga zauren da bokiti yana fitowa bai tsoma burushi ba. A rana ta uku, yana wucewa ta ɗakin ajiya, ya ga tulin tsoffin jaridun da ake naɗe sabulu da su. Ya dama sitaci irin na guga, ya liƙa jarida ɗaya a can ƙasan kusurwa, ya bar ta ta bushe. Da ya jiƙa ta da ruwan ɗumi sai ta ɓare sumul, launin da ke ƙasa bai ko motsa ba. Shi ke nan. Ya rufe ƙofar zaure, ya liƙe bangon kaf da jarida, layi uku, yana daidaita gefe da gefe don kada a ga gaɓa. Sa'an nan ya bi da farin fenti a kan takardar.

Mai Sabulu ya dawo, ya shafa bangon da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa sau biyu, ya juyo ya dubi Kawu. Kawu ya sha jinin jikinsa.

"Kai Burushi! Wannan bango kamar kuncin jariri!"

Ya sa aka kai masa kwalin sabulu guda har gida. Mahaifiyata ta ce shekara guda cur suna wanka da shi, duk wanda ya shigo gidansu sai ya tambaya ko lemun tsami ake yankawa. Kawu kuwa ko sau ɗaya bai taɓa sabulun ba. Yana ganin ya ha'inci mutumin da ya yarda da shi, abin ya tsaya masa a rai, bai kuma gaya wa kowa ba.

Shekara shida Mai Sabulu ya yi a gidan, sai ya gina sabuwar masana'anta mai ofisoshi a wani gari, ya sayar wa wata ƙungiyar malamai. Suka buɗe makarantar koyon ɗinki da buga keken rubutu. Shugabar makarantar mace ce mai tabarau da ba ta maimaita magana. Ta ce a mai da gidan kore, kuma a kafa babban allo a bangon zaure. Da Kawu ya ga kafinta ya taho da ƙusoshi masu tsawon yatsa, sai ya tare shugaba a matakala.

"Malama, in aka sa allo a nan, hasken taga zai riƙa bugun sa da hantsi. Wata uku duk ɗalibanki sai sun sa tabarau."

Ta dube shi ta saman nata tabarau, ta dubi taga, ta ce wa kafinta ya kai allon ɗaya bangon.

A wannan aikin ne ya sami mata. Yana kan tsani a baranda yana shafa ginshiƙi, ɗalibai suka fito shan iska, kore ya ɗiga tsul a kan farin takalmin wata doguwa. Ta tsaya, ta dubi takalmin, ta ɗaga kai.

"Malam mai fenti, har da takalmina a cikin kwangilar?"

Kawu ya ruɗe, ya fara ba da haƙuri, harshe na harɗewa. Sai ta miƙo ɗaya ƙafar. "To ƙarasa aikinka, kada su bambanta."

Ya sauko ya ɗiga wa ɗayan, daidai wurin, daidai girman. Ƙawayenta suka fashe da dariya. Bayan shekara biyu aka ɗaura aure. Ita ce muke kira Anti, tela ce har yanzu, kuma har yanzu ba a cin ta da baki.

Makarantar ta yi shekara goma sha ɗaya ta koma sabon gini, gwamnati ta karɓi fadar ta mai da ita ofishin ajiyar takardun filaye. Aka cika ɗakuna da kantoci, aka cika kantoci da fayil. Kwangilar fenti wani kamfani aka ba, launin toka. Kawu, wanda a lokacin yake da nasa ma'aikatan, ya je ya nemi aikin yini a wurin kamfanin kamar sabon shiga, da sharaɗi ɗaya: a bar masa zaure. Ya shafa wa bangon fentin ruwa siriri, ya tabbatar kantocin ba su jingina da shi ba.

Abin da ya fi tsoro shi ne ruwa. Akwai indararo a saman bangon nan, in ganye ya toshe shi sai ruwa ya biyo ta ciki. Don haka duk shekara kafin damina sai ya ɗauki tsaninsa ya je ya share. Maigadi yana buɗe masa ƙofa, masinjoji suna gaishe shi, kowa ya ɗauka ma'aikacin wurin ne. Bayan shekara goma wani sabon shugaban ofis ya ce wannan dattijo mai ƙwazo ya cancanci ƙarin girma. Aka nemi sunansa a jerin ma'aikata sama da ƙasa, babu. Aka kira shi aka tambaye shi wa ya ɗauke shi aiki, ya ce ba kowa, shi dai ba ya son ganin indararo a toshe. Shugaban ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce a ba shi shayi.

Ofis ya yi shekara goma sha tara ya tashi, aka garƙame gidan da kwaɗo. Shekara bakwai ba kowa sai tantabaru da jemagu, gara kuma ta sami sauran fayilolin da aka bari ta yi ta biki. Kawu yana zuwa ta baya, inda katanga ta ɗan zube, yana share indararonsa. A shekaru biyun ƙarshe bai iya ba, saboda yanar ido ta rufe masa gani, har ya kai ba ya bambanta shuɗi da kore. Waɗannan shekaru ba ya yawan magana. In hadari ya haɗo sai ya fita ƙofar gida ya fuskanci tudu.

Ni na kai shi asibiti aka yi masa aikin ido. Likitar wata dattijuwa ce siririya mai saurin magana, saura mata 'yan watanni ta yi ritaya. Ranar da za a cire bandeji muka shiga ofishinta da safe. Ta warware a hankali, ta ce, "Baba, me kake gani?"

Kawu ya ƙyafta ido, ya ƙara ƙyaftawa. "Likita, anya aikin nan ya yi? Ni fa fada nake gani."

Ta juya ta dubi hoton da ke rataye a bayan kujerarta, ta kwashe da dariya. Ta ce aiki ya yi, fadar ce. Ta saye ta wata biyu da suka wuce. Ta ce shekara talatin da biyar tana buɗe wa mutane ido suna komawa kallon talabijin, yanzu tana son ta tanadar musu wurin da za su ga zane-zane da sassaƙa na gaske. Injiniya ma ya riga ya duba, sati mai zuwa za a fara sassaƙe tsohuwar filasta, daga babban zaure za a soma.

Kawu ya miƙe zumbur har ya ture kwanon auduga.

"Kada a taɓa bangon nan! Akwai akuya a ciki!"

Likita ta dube ni, alamar ko maganin barci bai gama sakinsa ba. Ni ma abin da na zata ke nan. Sai ya zauna ya ba mu labari tun daga tsohuwa mai maguna, kansa a sunkuye, kamar mai amsa laifi gaban alƙali. Shekara arba'in da uku ke nan da ya liƙa jaridun.

Ranar Asabar da hantsi muka hallara a zauren: likita, da wata ƙwararriya mai gyaran tsoffin zane da aka ɗauko daga nesa, da mahaifiyata, da Anti, da ni, da wani farfesan tarihi. Likita ce ta sa farfesan ya rubuta jerin duk waɗanda suka mallaki fadar, ya kuwa maƙale. Daga basarake zuwa tsohuwa yana da takardu, daga makaranta zuwa gwamnati ma yana da su, amma tsakanin tsohuwa da makaranta babu komai, gara ta cinye. Har ya fara zaton gidan a rufe ya zauna.

Kawu ya zaɓi wuri daidai ƙirjinsa, ya tsaga fentin da reza, ya dafa soso mai ruwan ɗumi a kai. Ya ɓaro takarda mai faɗin tafi biyu, ya juya bayanta. Sai ga fuskar Mai Sabulu cikin talla, bakinsa har kunne, riƙe da sabulu kusa da kuncinsa.

Mahaifiyata ta ce, "La! Ga mai lemun tsami!"

Farfesa ya karɓi takardar da yatsu biyu kamar ƙwai, ya matso da ita kusa da hanci. A saman shafin ga kwanan wata da shekara, raɗau. Ya cire hularsa ya mayar, ya sake cirewa. "Baba, wane ne wannan? Yaushe ya saya? Wa ya sayar wa?" Ƙwararriyar ta ce ya dakata tukuna, ta karɓi soso ta ɗaga layi na biyu, ta ɗaga na uku. Da farko shuɗi muka gani, shuɗin ruwa mai haske kamar jiya aka shafa. Ta ƙara ɓarewa sama kaɗan, sai ga kofato, sai ga gemu.

Kawu ya sa bayan hannu yana goge ido, likita ta buge hannun ta ce kada ya ɓata mata aiki. Anti ce ta fara samun baki.

"Baban yara, shekara talatin da biyar muna gida ɗaya, kana da akuya ban sani ba?"

"Ba tawa ba ce, ajiya ce."

"Ni ina can ina zargin indararon nan, ina cewa wace ce wannan da ake ɗaukar mata tsani duk shekara!"

Dariyar da aka yi sai da zauren ya amsa, tantabaru suka tashi daga silin.

Wata huɗu aka yi ana ɓare bangon. Ba duka ya tsira ba. A ƙasan hannun hagu, inda ruwa ya biyo a shekaru biyun da idonsa ya hana shi zuwa, jirgi ɗaya da masunta biyu sun narke, sai tabo. Ƙwararriyar ta ce ba za ta ƙirƙiro su ba, a bar wurin yadda yake. Kawu ya yi kwana biyu ba ya son a yi zancen, daga baya ya haƙura. Farfesa kuwa ya mai da gidan Kawu wurin zuwansa kullum, da littafi da biro. Da Kawu ya gaji da tambaya sai ya kai shi ƙofar zaure, ya kankare gefen katakon da wuƙa a karkace, launuka suka fito layi-layi: toka, kore, fari, sai ruwan ƙasa na zamanin tsohuwa. Ya ce, "Ga su nan a jere, Farfesa, ka daina wahalar da ni." Har yau ba a shafe wurin ba, gilashi aka sa masa, kusa da allon da ke ɗauke da jerin masu gidan.

Ranar buɗewa gari ya cika tudun. Tsoffin ɗaliban makaranta suka zo da jikokinsu suna nuna inda kekunan ɗinkinsu suke a da. Ana cikin haka wata mata mai jiki, sanye da fararen kaya, ta tsaya gaban jaridar da aka sa a firam, ta daɗe tana kallo. Ta tambaya wane ne Burushi, aka nuna mata. Ta ce ita 'yar Mai Sabulu ce, mahaifinta ya rasu shekaru goma da suka wuce.

Kawu ya cire hula. "'Yata, ki yafe min a madadinsa. Fentin mai ya ce in sa a bango, ni kuwa na yi masa dabara."

Ta riƙe baki tana dariya. "Baba, ai ya sani! Yana ƙwanƙwasa bangon ya ji takarda. Kuma jaridunsa na naɗe sabulu sun ɓace ƙaf, sai da aka sayo wasu. Sau nawa yana ba mu labarin a wurin cin abinci. Yakan ce yaron nan ya raina min wayo, amma aikin ya yi kyau, a bar shi da akuyarsa."

Kawu ya nemi kujera ya zauna. Sai ya fara dariya, kafaɗunsa na girgiza, har sai da Anti ta miƙa masa ruwa.

Yanzu shekara tara ke nan ana nuna zane a fadar. Duk wata uku ake sauke na wani a rataye na wani, kuma kowane mai zane da launin bangon da yake so a ɗakunan sama. Babbar 'yar Kawu ce ke riƙe da wannan aikin da ma'aikatanta, shi kuwa an hana shi hawa tsani saboda gwiwa. Yana zaune a kujera a tsakar gida, bokitai kewaye da shi, yana haɗa launi da sanda. Masu zanen sun san ba a wuce shi. In mutum ya ce yana son ja, sai ya tambaye shi jan me, na bulo ko na barkono ko na idon wanda ya yi fushi.

Watan jiya wata mai sassaƙa ta zo ta ce baƙi take so, ɗaki uku, har silin. Kawu ya ce shekara hamsin da biyar yana sana'a bai taɓa baƙanta ɗakin mutum ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Ta ce, "Baba, ka haɗa min dai, in bai yi ba ni zan sake shafewa da hannuna." Ya haɗa yana ƙunƙuni, ya ƙi hawa sama ya duba. Sai da aka gama jera kayan 'yarsa ta kama hannunsa ta hau da shi. Tsuntsaye ne na farin dutse, sun fi arba'in, an rataye su da zare siriri, cikin baƙin nan kamar suna tashi da gaske. Ya zagaya ɗakunan sau biyu. Da zai fita ya ce wa mai sassaƙar a ƙara shafi ɗaya a kusurwar taga, yana hango toka-toka.

Da yamma ina gidansu ya dawo. Ya tsaya a tsakiyar falo, hannu a ƙugu, yana ƙare wa bangon kallo.

"Maman yara, kin san baƙi ma launi ne? Da za a yi wa falon nan..."

Anti ba ta ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba. Ta ce, "Bismillah. Amma ka fara da ɗakin da za ka koma da kwana."